Allon Da Ke Gogewa Idan An Ɗauke Wuta

Duk wanda ya taɓa raka yayansa sayen waya a cikinku ya ji mai shago yana jero lambobi biyu: ram 4, memori 64. Memori shi ne inda hotunanku ke kwana ko da wayar ta mutu. Ram kuwa wurin aiki ne, kamar allon aji: rubutu a kansa ba ya ɗaukar lokaci, kowa na gani nan take, amma da zarar wuta ta yanke sai ya koma fes. Mu biyar, ’yan aji uku a sashen kimiyyar kwamfuta, a kan wannan allon muka shafe zangon karatu guda.

An raba ajinmu rukuni takwas, kowane rukuni na rubuta manhajarsa. Mu kuma aka ce mu gina shafi guda da zai riƙa nuna wa malami da ɗalibai sittin halin da aikin kowane rukuni ke ciki. Maki 30 cikin 100 na darasin a nan suke.

Dukkanmu muna ajiye aikinmu a GitHub, dandalin da aka kafa a 2008, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2018. A cikinsa akwai wani sashe mai suna GitHub Actions. Duk sanda ɗalibi ya tura sabon gyara, wata kwamfuta a can nesa za ta haɗa manhajar, ta gwada ta, in ta ci gwajin ta miƙa ta ga masu amfani. In an dace sai ka ga alamar kore, in ba a dace ba ja. Kowane zagaye yana barin bayanai a bayansa: lambarsa, wanda ya tura gyaran, lokacin farawa da gamawa, sakamako, da kuma dogon rahoton abin da ya faru layi-layi.

Hanya mafi sauƙi ita ce shafinmu ya riƙa tambayar GitHub kai-tsaye. Kafin mu taɓa kwamfuta sai muka ɗauko biro. Ɗalibi 60, kowa shafinsa na sabunta kansa duk bayan daƙiƙa 30, wato sau 120 a awa, kowane sabuntawa tambaya 8. Jimla 57,600 a awa guda. GitHub kuwa tambaya 60 kacal yake amsa wa wanda bai gabatar da kansa ba a awa, wanda ya zo da mabuɗin shaida kuma 5,000. Lissafin da kuke rainawa a aji biyu na ƙaramar sakandare shi ya rufe wannan ƙofar cikin minti biyar.

Saboda haka dole a kwaso bayanan sau ɗaya, a ajiye kusa, kowa ya riƙa karantawa daga nan. Muka zaɓi Redis, rumbun bayanai da ke riƙe komai a cikin ram. Wani ɗan ƙasar Italiya daga tsibirin Sisili, Salvatore Sanfilippo, shi ya rubuta shi a 2009, lokacin da yake gina wata manhaja mai nuna wa masu shafukan intanet baƙinsu nan take, rumbun da yake amfani da shi kuma ya gaza ɗaukar nauyin. Don ku ji girman bambancin: a ce ɗauko abu daga ram daƙiƙa ɗaya ne, to ɗauko shi daga faifan ajiya na zamani zai kai kusan minti 17, aika tambaya ƙetaren teku a jira amsa kuwa ya kai mako uku.

Inda muka fi daɗewa muna gardama shi ne abin da za a kwaso. Ɗayanmu ya ce a kwashe komai, har da dogayen rahotannin, tunda ba a san ranar da za a buƙace su ba. Wata a cikinmu ta ce ai ba a kwafe rajistar makaranta gaba ɗaya a kan allo. Ita muka bi, kuma har yau muna ganin ta fi gaskiya. Tsohuwar kwamfutar da sashe ya ara mana ram ɗinta gigabayit 4 ne, rahotannin kuma suna nan a GitHub har kwana 90 ga duk mai son karantawa. Akwai wani dalilin da ya fi wannan nauyi. Bayanan suna zuwa da sunaye da adireshin imel na abokan karatunmu, wani lokaci ma ɗalibi kan bar wani sirri ya fito a rahoto bai sani ba. Redis kuma in ka ɗora shi sabo ba ya zuwa da kalmar sirri, sai ka saka masa da kanka. Muka saka, muka kuma taƙaita abin da ke shiga zuwa guda biyar: sunan rukuni, lambar zagaye, sakamako, lokacin gamawa, da tsawon lokacin da ya ɗauka. Abin da ba ka ɗauko ba, ba za a sace shi a hannunka ba.

Sai yadda za a kwaso. Ko dai ka riƙa aiken yaro kicin duk minti ya tambayo ko tuwo ya nuna, ko ka ce wa mai girki ta kira ka in ta sauke. GitHub na iya yin na biyun: da zarar zagaye ya ƙare sai ya turo saƙo da kansa. Amma yana da sharuɗɗa. Daƙiƙa 10 yake jira a amsa masa, in ba a amsa ba ya rubuta cewa saƙon bai isa ba, kuma ba ya sake turowa da kansa. Saƙonnin ma ba lallai su iso a jere ba, na “an gama” na iya riga na “an fara”. Don haka kowane saƙo ya shigo, manhajarmu kan duba lokacin da ke jikinsa, in ya girmi wanda ke kan allo sai ta watsar. Lambar zagaye kuma ita ce sunan gurbinsa, ko saƙo ya zo sau biyu wuri ɗaya zai zauna.

Duk wannan shirin, wuta ce ke da magana ta ƙarshe. A ɗakin gwajinmu ana iya ɗauke ta sau uku kafin azahar, kuma kafin a tayar da janareta kwamfutar ta riga ta mutu. Redis na da hanyoyi biyu na rage asara: ko ya riƙa ɗaukar hoton duk abin da ke cikinsa lokaci-lokaci ya ajiye a faifai, ko ya riƙa rubuta kowane canji a wani kundi, wanda in an saita shi a kan daƙiƙa-daƙiƙa abin da zai salwanta ba zai wuce na kusan daƙiƙa guda ba. Sai dai ko ɗaya ba zai dawo mana da saƙonnin da GitHub ya turo muna cikin duhu ba.

Shi ya sa muka haɗa da aiken yaron. Duk sanda kwamfutar ta farka, abu na farko da take yi shi ne ta tambayi GitHub zagayen ƙarshe na kowane rukuni, tambaya takwas, ta sake cika allon. Bayan nan kuma tana sake leƙawa duk minti goma ko da wani saƙo ya ɓace a hanya, wato tambaya 48 a awa maimakon 57,600. A saman shafin muka saka lokacin da aka sabunta shi na ƙarshe da manyan baƙaƙe, in ya wuce minti goma sha biyar sai rubutun ya koma ruwan ɗorawa, don kada wani rukuni ya ga kore na jiya ya tafi ya kwanta.

Ranar gabatarwa, muna tsakiyar bayani Malam ya miƙe, ya zagaya bayan tebur, ya zare filogin da hannunsa. “To, ku ci gaba,” in ji shi. Muka mayar, muka tsaya muna kallon tsohuwar kwamfutar tana tashi a hankali. Bayan kamar minti biyu rukuni takwas suka dawo kan allo, shida kore, biyu ja. Ɗaya daga cikin jajayen na rukunin shugaban aji ne, wanda ya tura gyara daga wayarsa a daidai lokacin da kwamfutar ke kashe.