Sabon Takalmin Birki

Akwai wani ɗalibi mutumin Jos wanda ya tashi ya tarar da keken Raleigh a zauren gidansu, irin mai birkin sanda, wanda in an matsa roba biyu ke damƙe bakin wili. A kansa ya koyi tuƙi, don haka ya ɗauka babu abin da ya rage masa game da sanin halin birki. Da ya sami 'yan kuɗi sai ya sayi keken gwanjo na hawan duwatsu mai birkin faifai, watau wani faifan ƙarfe mai faɗin milimita 160 da ke ɗaure a cibiyar wili, takalma biyu ƙanana suna matse shi dama da hagu. Irin wannan birki ya daɗe a jikin kekunan hawan dutse, ko da yake sai a shekarar 2018 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta amince da shi sosai a tseren kan kwalta.

Ran nan, cikin hutun ƙarshen zango, takalman suka cinye, ya kai wa wani dattijo mai gyaran keke a bakin kasuwa, aka sa masa sababbi. Yana miƙa kuɗi ya ɗare sirdi. Dattijo ya ce, "Dakata, samari, aiki bai ƙare ba." Shi kuwa ya ce, "Haba Baba, abu sabo fil, me kuma ya saura?" Ya taka feda ya yi gaba.

To, Jos gari ne mai hawa da gangara. Bai yi nisa ba ya shiga wani gangare, keke na ta ƙara gudu, sai ga wata yarinya mai tallar gyaɗa ta ratso hanya. Ya matse birki iyakar ƙarfinsa, keke ya yi ta sulalewa kamar an shafa wa faifan man shanu. Da ya ga babu makawa sai ya karkatar da kan keken, ya faɗa kwata. Yarinya ta tsira, ko gyaɗa ɗaya ba ta zube ba, shi kuwa ya tashi da gwiwa a ɗaye, gabansa na dukan uku-uku.

Ya turo keken ya komo, bakinsa cike da ƙara, wai an sa masa jabu. Dattijo ya bari ya gama, sa'an nan ya ce, "Kayan nan lafiyarsu lau, ɗana. Ba su saba da juna ba ne. Ba ka ji an ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai ba? Sai faifan nan ya yi farin kai tukuna zai kama."

Maganar dattijon kuwa tana kan hanya. Sabon takalmi da faifai, kome santsinsu a ido, fuskokinsu ba su daidaita ba, 'yan wurare kaɗan ne ke taɓa juna. Sai an goga su a hankali har sun ɗau zafi, sa'an nan wani siririn shafe daga jikin takalmin yake manne wa faifan, ya zagaye shi daidai wa daida. A kan wannan shafe ne birki ke samun kamu. In an yi gaggawa aka riƙe birki tun daga kan dogon gangare har gindinsa, zafi ya yi yawa, fuskar takalmin takan ƙone ta yi sheƙi kamar kwalba, daga nan sai kuka da santsi.

Dattijo ya goge faifan da sifirit, ya hana shi taɓawa da yatsa, domin maiƙo kome ƙanƙantarsa in ya shiga takalmi ya ɓata shi ke nan. Ya kai shi wani shimfiɗaɗɗen fili inda babu jama'a. Ya ce ya zauna daram a sirdi, ya ɗau matsakaicin gudu, ya matse birki ɗaya da ƙarfi har keke ya komo tafiyar mai ƙafa, sa'an nan ya saki. Kada ya tsaya cak, kada taya ta ja ƙasa, domin tsayawa a kan faifai mai zafi takan bar tabo wuri guda, birki ya riƙa fizga. Ya yi haka sau 20, ya ƙara gudu ya yi sau 10, ya koma kan ɗaya birkin. Tun wajen na goma ya ji kamun yana ƙaruwa a yatsunsa.

Duka aikin bai kai rabin sa'a ba, abin da ya ƙi tsayawa ya yi da safe har ya kusa ɗaukar alhakin rai. Da zai tafi ya rusuna ya ce, "Baba, a gafarce ni." Dattijo ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Ɗalibin nan yana ajin ƙarshe yanzu, takardar shaida na nan tafe, sabuwa fil. Abokansa sun ce duk lokacin da aka ta da zancen abin da za su yi wa ƙasa da zarar sun fita, yakan yi shiru, ya shafa tabon da ke gwiwarsa.