KAFIN KI CIRE 'YAN KUNNENKI

Na san wata za ta buɗe wannan shafi ta ga zancen tarakta ta ce, "Yau ga ikon Allah! Mu da ke cikin birni, ina ruwanmu da motar noma?" Yi haƙuri 'yar uwa, ki ɗan ba ni aron hankalinki. Muna da ruwa da tsaki a cikin maganar nan. Tsofaffin taraktocin da na ga mazan unguwarmu ta Dala sun saya a 'yan shekarun nan, in kika bi diddigin kuɗin, da wuya ki rasa sarƙar wata, ko adashin wata, ko gadon wata baiwar Allah a ciki.

Kun dai san Bakano bai taɓa rabuwa da gona ba. Ko ma'aikaci ne, ko ɗan kasuwar Kurmi ko Kantin Kwari, za ki tarar yana da 'yar gonarsa a Bichi ko Dawakin Tofa ko Kura. To tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, darajar naira kuma ta faɗi, abinci ya yi tsadar da kowace mai riƙe da mudu ta ji a jikinta, sai maza da yawa suka ƙara mai da hankali ga noma. Sabuwar tarakta kuwa ta fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Shi ya sa ido ya koma kan tsofaffi, dillalai kuma kakarsu ta yanke saƙa.

Daga ina waɗannan tsofaffin motoci suke fitowa? Wasu ragowar zamanin da gwamnati ke da kuɗi ne. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da marigayi Audu Baƙo ya tsaya a kai, noman rani ya buɗe a Kadawa da Kura. An yi shirin ciyar da ƙasa a 1976 zamanin Obasanjo, an yi na bunƙasa noma a 1980 zamanin Shagari. A wancan lokaci har haɗa tarakta ake yi a ƙasar nan, ana haɗa Fiat a nan Kano, ana haɗa Steyr a Bauchi. Da yawansu sun yi aiki sun gaji, aka jingine su shekara da shekaru, daga baya aka yi gwanjonsu. Wasu kuma daga Turai ake shigo da su bayan manoman can sun more su. Misali, akwai wata 'yar ƙaramar jar tarakta ta kamfanin Massey Ferguson mai lamba 135, wadda aka ƙera a Ingila shekaru da dama da suka wuce. Kin ga ke nan autarsu ma ta girmi da yawa daga cikinmu. Amma har yau akwai masu aiki da ita, domin injinta ba shi da rikici, kanikawa kuma sun san ta ciki da bai. Saboda haka tsufa ba laifi ba ne, da tsohuwar zuma ake magani. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake sayen, da kuma kuɗin wa ake saye da su.

Bari in ba ku labarin yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, da izininta nake faɗa. Wata rana bayan sallar isha wani dillali ya yi sallama da maigidanta. Ya ce, "Alhaji, wallahi tsintuwa ce. Mai ita matsuwa ce ta same shi, aurar da 'ya zai yi. In ba ka ɗauka gobe kafin la'asar ba, akwai wanda ke tafe da kuɗinsa a hannu." Alhaji ya shigo gida jiki na rawa, ya lissafa abin da ke hannunsa bai kai ba. Ya dubi yayata ya ce, "Hajiya, ki rufa mini asiri, damina ɗaya za ta mayar da kuɗinta." Ita kuwa mace ce mai son mijinta. Ta buɗe adaka ta ɗauko sarƙa da 'yan kunne da awarwaron da ta sayo a Makka da kuɗin gadon mahaifinmu, ta miƙa masa, ko tambaya ɗaya ba ta yi ba.

Aka kawo mota ja jawur, sai ƙyalli take, sabon fenti har kan tayoyi. Sai da aka biya kuɗi sannan aka gane ba garma, ba haro, ba tirela, kowanne sai an saya daban. Aka sake cin bashi aka sayo garma. Ruwa ya sauka, manoman ƙauyen suka yi layi, kowa ya ba da kafin alƙalami. Kwana tara ta yi tana aiki, a na goma inji ya buga a tsakiyar gonar mutane. Da bakanike ya buɗe sai ya riƙe baki, ya ce wannan injin ya daɗe da mutuwa, kwaskwarima kawai aka yi masa. Kafin a haɗa kuɗin gyara a gama, mutane sun yi huɗarsu da shanu, gero har ya kai gwiwa. Aka mayar wa kowa kuɗinsa. Dillali kuwa ya karɓi la'adarsa, ko a hanya aka haɗu sai ya ce shi ma haka ya gan ta.

Wannan duk mai sauƙi ne. Bayan shekara biyu Allah Ya yi wa Alhaji rasuwa, Allah Ya jiƙansa. Aka zo rabon gado, aka lissafa taraktar cikin dukiyar mamaci. Yayata ta ce ai da gwal ɗinta aka saya, rance ta ba shi. Aka ce ina takarda? Babu. Ina shaida? Daga ita sai shi sai Allah, a cikin ɗaki da dare. Kun san a shari'a sai an biya bashin mamaci kafin a raba gado, to amma bashin da ba a tabbatar ba fa? Haka ta tashi da rabonta na tumuni, wanda suka raba biyu ita da abokiyar zamanta. Alhaji ba macuci ba ne, na shaide shi. Shi a ransa haɗin gwiwa suka yi, riba tare, asara tare. Ita kuma a ranta rance ne. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, magana ce kawai ba a yi ta a fili ba.

Saboda haka ranar da nawa maigidan ya zo mini da irin wannan zance, sai da na bari ya ci abinci ya huta. Na ce, "Maigida, ni mai son ci gabanka ce, kuma zan taimaka da abin da nake da shi. Alfarma biyu nake roƙo. Ka tafi da Kawu ya duba motar, sannan mu rubuta abin da ke tsakaninmu." Kawun nan nawa ƙanin mahaifiyarmu ne, tsohon bakanike, a cikin baƙin mai ya yi furfura. Maigida ya ɗan ɓata rai, ya ce ko ban yarda da shi ba ne? Na ce, "Haba maigida, da kai na yarda ɗari bisa ɗari. Ƙarfen ne ban yarda da shi ba, kuma rai ba a hannunmu yake ba." Ya yi shiru, can ya ce to shi ke nan.

Abin da Kawu ya koya mana shi ne nake so ku riƙe, ko da ba za ku taɓa hawa tarakta ba. Ya ce kada a yarda a je duba ta da rana, bayan mai ita ya riga ya tashe ta inji ya yi zafi. Da sassafe ake zuwa, a dafa injin a ji shi da sanyi, sannan a ce a tayar. Mai lafiya za ta tashi ba da wahala ba. Sai a dubi hayaƙin salansa. In shuɗi ne, inji na shan baƙin mai, ya ci ƙasa ke nan. In fari ne kuma ya ƙi yankewa bayan ta ɗumama, a yi tsoron ruwa na shiga inda bai kamata ba. A zaro sandar awon baƙin mai, in an ga ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya gauraya da shi, a yi sallama a tafi. A ɗaura mata garma ta ɗaga sama, a kashe inji a zuba ido. In garmar ta sauko da sauri, abin ɗagawar ya gaji, gyaransa kuma ba ƙananan kuɗi ba ne. A dubi manyan tayoyin baya da kyau, don guda biyun nan kaɗai suna iya cinye arahar da ake murna da ita. Kuma kada a tsaya ga jin ƙara a gareji, a kai ta gona ta yi huɗa a gani. Ya ce ita tarakta da awa ake ƙirga aikinta, ba da tafiyar kilomita ba, amma kada a dogara da agogon da ke gabanta, don na tsofaffi da yawa ya daɗe da tsayawa. Sabon fenti kuwa, in ji shi, kwalliyar amarya ce, sai an wanke fuska ake sanin kama.

Sannan ya ce kafin a biya ko sisi, a shiga kasuwar Ƙofar Ruwa, ga ta nan kusa da mu, a tambayi masu kayan gyara ko suna da kayan irin wannan motar. In shago uku suka girgiza kai, to ba mota za ka saya ba, ɗakin kwanan kaji za ka saya. Akwai samfurin da har yanzu ake ƙerawa a Pakistan da Indiya, kayansu ba sa wuyar samu. Akwai kuma wanda kamfaninsa ya daɗe da daina yi, ƙaramin abu ya lalace sai ka yi wata kana nema. Wata guda kuwa a damina ba wasa ba ne. Aikin huɗa a ƙasar Kano 'yan makonni ne a farkon damina, wajen watan Yuni, in ya wuce ka sai baɗi. A ƙarshe ya ce a ga takardu, rasit ko takardar gwanjo, a gwada lambar inji da ta jikin takarda, kada a wayi gari da 'yan sanda a ƙofar gida.

Mota uku suka duba. Biyun farko masu ƙyalli ne, Kawu ya ce a'a. Ta ukun kuwa, ranar da aka kawo ta yaran unguwa har dariya suka yi, fenti ya koɗe, kujera a yage. Ta ma fi waɗancan tsada. Amma da garmarta da tirelarta, injinta kuma garau. Ba mu zuba duk kuɗin a saye ba, mun ware kashi ɗaya cikin uku don gyara da man gas da haƙƙin direba. Muka rubuta takarda a gaban Kawu da wan maigida, cewa kuɗina rance ne, za a biya ni kashi-kashi bayan kowace kaka. Damina uku ke nan tana aiki, da rani kuma a kai ta wajen Kura aikin shinkafa da alkama, ko ta yi dakon taki da amfanin gona. Ba zan ce muku ba ta lalacewa ba, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ba mu yi kuɗi ba, amma kuɗin makarantar yara na fita, ni kuma an biya ni tsaf, na mayar da 'yan kunnena.

Na san wata za ta ce, "Ni ina zan iya ce wa mijina ya rubuta mini takarda? Ai sai a ce ba ni da kunya." 'Yar uwa, aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ba ta ware miji da mata ba. Dukiyarki taki ce, addini ya ba ki. In kin ga dama ki ba shi kyauta, Allah Ya ba ki lada, amma ki faɗa da bakinki cewa kyauta ce. In rance ne a kira shi rance. In haɗin gwiwa ne a faɗi rabon kowa, ki kuma shirya ɗaukar asara in ta zo. Abin da ke kashe aure da zumunci shi ne a bar magana a duhu, kowa ya tafi da nasa lissafin. Ki zaɓi lokacin da ransa ke sanyi, ki yi magana da ladabi, ba a gaban yara ko abokiyar zama ba. Namiji mai hankali in ya huce zai gode miki.

Kuma ba dole ne sai an mallaka ba. In gonar maigida eka biyu ce ko uku, ba shi da direban da ya amince da shi, ba shi da lokacin bin mota ƙauye-ƙauye, to ya yi hayar tarakta na yini ɗaya ya fi masa kwanciyar hankali, ko ya sayi shanun huɗa, waɗanda ko sun gama aiki a kiwata su a sayar da riba. Ki faɗa masa haka cikin hikima.

Ku kuma 'yan mata, wannan sarƙa da 'yan kunnen da za a sa muku a lefe, da abin da iyaye za su haɗa muku, ba ado ne kaɗai ba. Su ne garkuwar mace ranar da duniya ta juya. Yau tarakta ce, gobe Keke Napep ne ko fili ko kwantenar kaya. Duk ranar da kika ji an ce "araha ce" an kuma haɗa da "sai yau, gobe babu", to ki tsaya ki yi tambaya. Hausawa sun ce araha ba ta ado, sun kuma ce sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Allah Ya sa albarka a neman mazajenmu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da sayen wahala da kuɗinmu. Allah Ya mayar wa yayata da mafificin alheri. Amin summa amin.

Taku har kullum, daga gindin Dutsen Dala.