Katolika Mai Jin Hausa a Ajegunle

Dattawan Katolika masu jin Hausa da suka tsufa a Ajegunle da Agege, waɗanda akasarinsu suka taso daga Kudancin Kaduna da Filato, wasu kuma daga ƙauyukan Maguzawa na Kano da Katsina, sun daɗe da gane cewa neman abinci ya fi tsangwama saurin cinye bangaskiyar mutum a Ikko. Sashe na 10 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnatin tarayya da ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin nata, abin da ake nufi ke nan idan aka ce hukuma ba ruwanta da addini; sai dai maigadin da aikinsa a Apapa ya faɗo ranar Lahadi ya san cewa dokar da ta ba shi 'yancin ibada ba ta ba shi lokacin yin ta ba.

Saboda haka dattawan suke ɗora nauyin al'amarin a kan tsare lokaci. Misa, wato babbar ibadar da Fada yake jagoranta yana keɓe gurasa da ruwan inabi, wajibi ce a kan kowane Katolika ranar Lahadi, kuma tunda ikkilisiya ta yarda Misar yammacin Asabar ta tsaya a madadinta, mai aikin kwana da ke ibada a cocin St. Mary da ke Ajegunle ba shi da hanzari sosai. Ga addu'ar Anjelus da ƙarfe shida na safe da tsakar rana da shida na yamma, ga barin nama a Juma'o'in azumin kwana arba'in da ke farawa ranar Larabar Toka. A nan ne wasunsu ke faɗa, ba tare da jin kunya ba, cewa maƙwabtansu Musulmi na zango sun zame musu madubi, domin wanda ya ga mai sayar da goro ya rufe hajarsa da buhu ya tafi sallar Azahar, da wuya ya ce ciniki ne ya hana shi ibada. Harshen ma yakan sa a ɗauke su Musulmi, har sai tokar goshi ta bayyana su.

Batun yara ya fi wuya. A 1980 gwamnatin Lateef Jakande ta jihar Ikko ta nemi rufe makarantun firamare masu zaman kansu, Akbishop Anthony Okogie ya kai ta kotu, kuma sai a 2001 gwamnatin Bola Tinubu ta mayar wa mishan makarantun da hukuma ta karɓe tun zamanin soja. Amma kuɗin makarantun mishan na yanzu ya fi ƙarfin mai ɗaki ɗaya a Ajegunle, don haka tarbiyya ta koma hannun katekis, malamin da ke shirya yara domin baftisma, da iyaye mata waɗanda suka zo da al'adar Zumuntar Mata daga Arewa, da waƙoƙinta da tulunan kiɗanta. Jikokin dattawan sun fi sakewa da Yarbanci da Turancin buroka, kuma yawancinsu da Turanci suke jan carbin rosari.