Jitar da ta karye a hanya: tsakanin Landan da Kalgo

A nan Ingila, idan aka kawo wa mutum jitar lantarki da ya saya ta intanet, ya ga kwalin ya lotse a gefe, ba ya gaggawar yage shi. Waya yake fara ɗaukowa, ya ɗauki hoton kwalin ta kowace kusurwa har da takardar da aka manna a jikinsa, sannan ya buɗe a hankali. In ya tarar wuyan jitar ya tsage, ba zai taɓa tsagar ba, kuma ba zai zubar da kwali ko soson da aka naɗe ta da shi ba, domin duk shaida ne. A ranar zai rubuta wa mai shago. A tashar mota ta Kalgo ko ta Gwandu kuwa, yaron mota ne zai kwance igiya, ya zaro maka kayanka daga tsakanin buhuna, ku yi wa juna addu'a, mota ta tashi. Sai ka isa ɗaki za ka san abin da ke cikin kwalin, lokacin direba ya riga ya wuce Jega.

Na san hanyoyin biyu. Ɗan ƙanwata yana karatu a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta yake kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Kamar samari da yawa na yankinmu, kiɗan jita na Buzayen Nijar, irin na Bombino da Mdou Moctar, ya shiga ransa. Na saya masa wata ta hannu a nan Landan, na ba wani kamfanin ɗaukar kaya ya kai ta Legas, daga can ta hau mota ta bi Ilori, Kontagora, Yawuri, Koko da Jega. Da ta isa sai ya kira ni.

"Kawu, saƙo ya iso, amma kan abin ya tsage. Ko in kai ma kafinta ya buga mai ƙusa?"

Na ce, "Kada ka kuskura, ɗana. Sassauta tsirkiyoyin duka shida, ka mai da ita akwatinta, kada kowa ya sa yatsa a tsagar."

Akwai dalilin da ya sa nan wurin ne yake yawan karyewa. Tsirkiyoyin ƙarfe shida na jitar lantarki, idan an ɗaure su daidai, suna jan wuyanta da ƙarfin da ya kai wajen kilo 45, dare da rana. Jitoci masu ƙirar Les Paul, wadda kamfanin Gibson ya fitar a 1952, kansu a karkace yake ya koma baya, kuma an sassaƙa shi ne daga katako guda da wuyan. A daidai gwiwar nan zaren katakon gajere ne, ga shi an rarake cikinta don a sami wurin juya sandar ƙarfen da ke miƙar da wuya. In akwati ya faɗi ta baya, nauyin maɗauran tsirkiya da jan tsirkiyar su haɗu su fizge kan, ko da kuwa akwatin bai nuna ko ƙwarzane ba. Ƙirar Fender, irin Stratocaster ta 1954, ta fi jure wahala: kanta a miƙe yake, kuma ƙusoshi huɗu masu zare ne suka riƙe wuyan, ana iya kwance shi a naɗe daban. Da za a tambaye ni wacce za a aika Kebbi, wannan zan ce, a kuma kwance wuyan tun daga nan.

Bature yana da natsuwar ɗaukar hoto ne domin doka tana bayansa. Dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ce kaya suna wuyan mai shago har sai sun shiga hannun mai saye. Abin da ya faru a mota ko a ɗakin ajiya, tsakanin mai shago ne da kamfanin da ya ɗauka. Mai saye yana da kwana 30 da zai iya mayar da kaya masu aibi ya karɓi kuɗinsa cif. In ya biya da katin bashi, kuma kayan sun haura fam 100, wata doka ta 1974 ta ba shi damar ya bi bankin ma. Ba a buƙatar sanin kowa, ba a buƙatar ɗaga murya. Amma wannan gata na wanda ya saya a shago ne. Wanda ya aika tasa da kansa, sai ya karanta ƙananan rubutun yarjejeniya, inda kamfanoni da yawa suke rage diyyar kayan kiɗa ko su cire su gaba ɗaya, musamman in ba a cikin akwati mai tauri suke ba. A ƙasashen Turawa ma ana cutar mutum. Wani mawaƙi ɗan Kanada, Dave Carroll, ya shafe watanni yana bin kamfanin jirgin United kan jitarsa da aka lalata a 2008, ba su saurare shi ba sai da ya yi musu waƙa ya sa a YouTube a 2009, miliyoyin mutane suka kalla.

Abin da yake ba ni takaici a tsarin nan shi ne makomar ita jitar. Tambayar da kowa yake yi ita ce wa zai biya, da an amsa ta magana ta ƙare. Akwai ƙwararrun masu gyara, a titin Denmark na Landan da sauran garuruwa, waɗanda za su ɗora kan jita har ka nemi tabon ka rasa. Sai dai ladansu yakan haura fam 100, kuma jitar ɗan koyo sabuwa ba ta fi haka da yawa ba. Saboda haka masu tsada kaɗai ake gyarawa. Masu araha, waɗanda rabin yini na aiki zai tashe su, sai a sayar da su a matsayin kayan gyara ko a jefar. Na sha ganin irinsu ana neman kai da su a intanet, in tuna yaran da ke garinmu waɗanda za su yi shekara goma suna kaɗa su.

A gida tambayar daban ce. Ba wanda yake tambayar wa zai biya, domin an san amsar: mai kaya. Direba zai ce haka aka ba shi, ɗan kamasho ya ce shi bai buɗe ba, dattawan tasha su ce a yi haƙuri, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ina girmama haƙuri, kuma na san direban da ya kwana a hanyar Kontagora da Yawuri ba shi da rarar da zai biya jita. Na kuma san cewa wannan saƙon tasha, wanda ba rasit ba inshora, lambar waya kawai da kwatance, shi ne yake kai magani da takardu da kuɗin makaranta inda babu wani kamfani da zai je, kuma mafi yawan lokuta yana isa lafiya. Duk da haka, haƙurin da kullum mutum ɗaya ake ɗora wa shi, ya daina zama sulhu. Wanda ya ɗora buhun albasa a kan kwalin da aka ce masa mai karyewa ne ya yi sakaci, kuma kiran abin ƙaddara ba ya wanke shi.

Mu da muka fito daga Gwandu, garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ba mu da uzurin cewa wannan tunanin Turawa ne. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukanmu tun kafin a haifi kakanninmu, ya yi maganar lamuni dalla-dalla. Mai sana'ar da ya karɓi kayanka ya shiga da su wurin aikinsa, suna wuyansa in sun lalace. Mai jirgin ruwa ba ya biyan abin da ya salwanta, amma ba shi da lada sai ya isar da kaya. A mazhabar Malikiyya, mai ɗaukar kaya galibi amintacce ne, ba ya biya sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Ke nan akwai bambanci tsakanin haɗarin da ya fi ƙarfin direba da gangancin yaron mota, kuma magabata sun rarrabe su. Na sani malamai da yawa ba sa ganin halascin kayan kiɗa masu tsirkiya, kuma a al'adarmu ɗan gidan mutunci ba ya son a kira shi makaɗi. Shi ya sa yaron da aka karya wa jita ba zai kai ƙara ko'ina ba, ba ma ya son a ji a gida. Amma igiyar da ta matse jitarsa ita ce take fasa faifan sola, ta lanƙwasa keken ɗinkin amarya, ta tsaga talabijin. Nijeriya tana da dokar kare masu saye ta 2018 da hukumar da ke kula da ita, sai dai wanda ba shi da ko guntuwar takarda, da me zai je gabansu?

Wajen gyara kuwa, ban yarda mun gaza kowa ba. Leo Fender, wanda sunansa yake kan miliyoyin jitoci, mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na Kalifoniya, kuma bai iya kaɗa jita ba. Cikin jitar lantarki babu abin da zai ba mai gyaran rediyo na kasuwar Kalgo tsoro: maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, da maɓallan ƙara sauti, da ramin da ake soka waya. In jijjigar mota ta tsinke wata waya, dalma ce kawai za a ɗiga. Mdou Moctar da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Masu garaya da gurmi da molo ma tun da can su suke gyara kayansu, su sake fata, su sake tsirkiya, ba su jira kowa ba.

Inda muke ɓata aiki shi ne gaggawa. Karayar wuyan jita kamar karayar ƙashi ce, kuma duk wanda ya taɓa kai ɗan'uwansa wurin masu ɗori a Aliero ya san ƙa'idar: a mai da kowane ɓangare mazauninsa, a ɗaure, a hana motsi, a ba shi lokaci. Sabuwar tsaga, zaren katakonta yana shiga juna daidai in ba a taɓa shi ba. Da an ɗura mata gam ɗin nan mai kamawa nan take, sai ya bushe kafin a daidaita bakin, ya toshe ramukan katakon, daga baya ko gam na ƙwarai ba zai kama ba. Ƙusa kuwa ƙara tsaga katakon take yi. Abin da ake so shi ne gam ɗin katako mai kyau, a buɗa tsagar kaɗan a tura shi har ƙarshenta, a matse, a goge wanda ya tsatso da ɗanyen tsumma. In babu ƙarfen matsa katako, robar cikin tayar keke da aka yanka tsiri-tsiri tana yin aikin, har ta fi bin lanƙwasar wuya. A bar shi kwana biyu ko uku kafin a ɗaura tsirkiya, a kuma ɗaura su sannu a hankali. Haka wani dattijon kafinta a Kalgo ya yi wa jitar ɗan ƙanwata, ina yi musu bayani ta waya, shi kuma yana gyara mini inda hannunsa ya fi bakina sani. Tabon yana nan ana gani, amma wuyan ya riƙe.

Akwai kuma ɓarnar da ba direba ne yake yin ta ba. Masu ƙera jita suna son ta zauna inda laimar iska take tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari. Hunturun Kebbi yana saukar da ita ƙasa da kashi 20. Katakon da ya sha danshin Ingila sai ya tsuke, bakin ƙarafan da ke jere a wuya su fito suna yankar yatsa, wuyan ya ɗan lanƙwashe, mai ita ya ɗauka a hanya aka lalata ta. Maganinsa a goge bakin ƙarafan da zarto mai laushi, a ɗan juya sandar cikin wuya, ba fiye da rubu'in zagaye a lokaci guda ba. Da bazara kuma, lokacin da zafi yake haura digiri 40, barin jita a but ɗin mota da rana yana sassauta gam. A nan Ingila sanyi ake tsoro, har akan shawarci mutum ya bar kwali ya kwana a ɗaki kafin ya buɗe, don kada fentin ya tsattsage. Wanda kuma zai haɗo da amfilifaya, wato na'urar ƙara sautin jita, ya duba inda aka yi ta: ta Ingila wutarta ɗaya da tamu, ta Amurka kuwa ta bolt 120 ce, in aka soka ta kai tsaye za ta ƙone.

Roƙona ga shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Kalgo da Gwandu da Birnin Kebbi ƙarami ne. A ajiye littafi guda. Duk kayan da mai su ya ce masu karyewa ne, a buɗe su a gaban direba, a ɗauki hoto da waya, a rubuta kimarsu, a ƙara ɗan kuɗi a kan lada don a sama musu wuri a sama ko a kujera. Mai karɓa shi ma ya buɗe a gaban direba kafin mota ta tashi. In aka sami ɓarna, shugaban tasha yana da abin da zai duba ya raba gardama. Ku kuma 'yan'uwana mazauna waje masu aika kaya gida, ku sassauta tsirkiya, ku cusa tsumma a ƙarƙashin kan jitar da kewayensa har ya daina motsi a cikin akwati, ku sa akwatin a kwali na biyu, kuma ku gaya wa mai karɓa tun kafin kaya su iso cewa in ya ga tsaga, ya kira ku kafin ya nemi gam.