Turancin Tafin Hannu a Sabon Wuse

Duk wanda ya san Sabon Wuse ya san gari ne da Abuja ta haifa, kuma har gobe ita ke ciyar da shi. Bayan da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta zartar a shekarar 1976 cewa za a gina sabon babban birnin tarayya, sai aka tashi mutanen tsohuwar Wuse aka ba su matsuguni a bakin hanyar Kaduna, cikin Jihar Neja. Suka taho da sunan garinsu a ka, ko kuwa in ce a kafaɗa, tun da a ƙasar Gwari muke. A yau nan ne hedikwatar Ƙaramar Hukumar Tafa, amma rabin hankalin garin yana kudu. Tun da asuba motoci ke kwasar magina da masu gadi da direbobi da ƙananan ma'aikata, su wuce Dutsen Zuma, su ratsa Zuba, su zube su a birnin da ba a buɗe ƙofar ofishinsa sai da mabuɗin Turanci.

Wannan mabuɗi shi ne abin da samarin unguwarmu ke nema ido rufe. A da, iyayenmu a rediyo suka neme shi, domin tun 1943 gidan rediyon BBC ke koyar da Turanci ta iska. Bayan da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, aka kuma ƙirƙiro YouTube a 2005, sannu a hankali sai malamin ya bar akwati ya dawo tafin hannu, ga murya ga fuska. In ka bi ta rumfar mai cajin waya da almuru, za ka tarar da yara uku ko huɗu sun haɗa kai a kan waya guda, wata Baturiya tana yi musu murmushi daga Landan, tana bayanin abin da Turawa ke nufi idan suka ce ana ruwan kyanwoyi da karnuka.

Ni ba na cikin masu raina wannan karatu. Na zauna na kalli darussan da dama tare da ƙanena, wanda ke shirin jarrabawar JAMB, na kuma ga abin da suka fi ajin makaranta da shi. Malamin waya ba ya gajiya, ba ya tsawa, ba ya zuwa yajin aiki. In ba ka ji ba, ka mayar da shi baya sau goma, ba zai ce maka daƙiƙi ba. Yaron da ke jin kunyar buɗe baki a gaban ɗalibai tamanin, sai ga shi a ɗaki shi kaɗai yana maimaita kalma har harshensa ya karye a kanta. Kuɗin data ne kawai ke yi masa ƙararrawar tashi.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen salon magana, wato irin zancen nan da ma'anarsa ba ta cikin kalmomin da suka gina shi. Mu Hausawa mun fi kowa sanin wannan dawa. Wanda aka ci fuskarsa ba a taune masa kumatu ba, wanda aka ja wa kunne kunnensa bai ƙara tsawo ba, mai farin jini kuwa in ya yanke ja ne zai zuba. Amma ba a aji muka koyi waɗannan ba. Mun tsince su ne a bakin iyaye da kakanni, kowanne tare da muhallinsa: wa ke faɗa, wa ake faɗa wa, da wane irin yanayin fuska. Darasin minti biyar kuwa yakan ba ka ma'ana ne tsirara, kamar a miƙa maka wuƙa ba kube.

Wani saurayi maƙwabcinmu, mai aikin share-share a wani ofis a Abuja, ya koya a waya cewa Bature kan ce wane ya shuri bokiti, ma'ana ya mutu. Da mahaifin maigidansa ya rasu, sai ya ga dama ta samu ta nuna iyawa, ya aika saƙon ta'aziyya da wannan lafazi. Ba a faɗa masa cewa a bakin masu harshen magana ce ta shaƙiyanci ba, daidai da a ce da Hausa wane ya sheƙa barzahu. Shi a zuciyarsa cewa ya yi tsohon ya riga mu gidan gaskiya. Ba a kore shi ba, amma ya yi wata guda yana gaisuwa ana amsa masa da hanci.

Akwai kuma tarkon da kamanni ke ɗanawa. Wani dare ƙanena ya ɗago kai daga waya ya ce, "Yaya, ashe su ma suna da jan ƙafa." Na ce masa, "Suna da shi, amma ba naka ba ne." Idan Bature ya ce kana jan ƙafarsa, zolaya yake nufi, idan Bahaushe ya ce kana jan ƙafa, jinkiri da nawa yake nufi. Kalmomi iri ɗaya, hanya daban. A zauren jarrabawa, inda ake ba ka amsoshi huɗu a fuskar kwamfuta lokaci na tafiya, irin wannan kamanni ne ke cinye makin yaro, ya kuwa rantse ya san amsar.

Wani abin da ke ba ni dariya, wani lokaci kuma takaici, shi ne Turancin da ake sha a waya ba shi ne ake ci da shi a Abuja ba. Tun da nake ban taɓa jin wani a tashar Zuba ya ambaci kyanwa ko kare don ana ruwa ba. Amma kowa ya san "long leg", wato abin da mu muke kira uwa a gindin murhu, kuma kowa ya san gosulo, tun da a cikinsa yake ƙare rabin safiyarsa. Wannan Turanci namu ne, a nan aka haife shi, kuma babu Baturiyar da za ta koya maka shi. Saurayin da ya haddace salon magana ɗari na mutanen Ingila yakan shiga ganawar neman aiki ya zazzage su duka, masu tambaya su dube shi kamar wanda ya sa babbar riga zuwa gona.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, a matsayina na ɗalibin Hausa, ya faru ne ranar da na tambayi yaran rumfar caji yadda Bahaushe ke faɗin wancan ruwa na kyanwoyi. Suka yi shiru. Wani tsoho mai sayar da goro a gefe ne ya ce, "Haba 'ya'yan nan, ruwa kamar da bakin ƙwarya mana!" Abin mamaki, Turawan da muke bi su ne suka yi ta wahalar tattara namu. Bargery ya fitar da ƙamusunsa a 1934 cike da irin waɗannan maganganu, Kirk-Greene kuma ya buga karin magana 500 a littafinsa Hausa Ba Dabo Ba Ne a 1966.

Tun daga ranar muka yi yarjejeniya da ƙanena. Ya sami littafin rubutu ya raba kowane shafi gida uku: salon Turanci a gidan farko, takwaransa na Hausa a na biyu, a na uku kuma inda ake faɗinsa da inda ba a faɗi. Gida na farko waya ke cika shi cikin minti biyar. Na biyu sai ya je wurin Inna a madafi, ita kuwa ba ta ba da amsa sai ya tsince mata shinkafa. Gida na uku ne har yanzu ya fi yawan fili, domin sai ya ji maganar a bakin mutum, a cikin fim ko a labaran rediyo, kafin in yarda ya rubuta.