Daddawar Gaya da Ajingi, da masu ba giyar Italiya maki

Matafiyin da ya ƙetare gadar Wudil ya bar babban titin Maiduguri ya kama hanyar Gaya, idan a cikin bazara ne, abin da zai fi jan idonsa shi ne itatuwan da suka rage a tsaye cikin gonakin da aka riga aka share: gawo, tsamiya, kuka, sai ɗorawa nan da can da 'ya'yanta na reto. Haka ƙasar take har Ajingi, wadda ke arewa da Gaya a bakin iyakar Jigawa. Gaya tsohon gari ne ƙwarai. Labarin baka ya ce daga nan Abagayawa maƙera suka tashi neman tama har suka zauna a gindin Dala, kuma duk wanda ya rubuta wani abu a kan garin da wannan yake farawa, sa'annan ya gangaro kan masarautar da aka ƙirƙiro a 2019, aka rushe a 2024, aka kuma maido da ita da daraja ta biyu. Ni kuwa abin da ya tsayar da ni a kasuwannin wannan yanki ƙarami ne, baƙi, mai wari: daddawa, da yadda ake sayenta.

Ba a sayenta da gaggawa. Dattijuwa za ta ɗauki guda daga faifai ta juya ta, ta shinshina, ta ɓantari gefenta ta murza a yatsu, ta ɗora a harshe ta yi shiru. Sai ta ce, “'Yar nan, wannan ba ta sha rana ba,” ko kuwa, “An haɗa da waken suya,” ta ajiye ta wuce. In ta gamsu, tambayarta ta farko ita ce ta gidan wa ce, kafin ma a zo kan kuɗi. Hukuncin da ta yanke cikin minti guda ya shafi watanni masu zuwa, domin so take ta san ko wannan daddawa za ta ƙetare damina ba ta yi fumfuna ba, ko za ta kai baɗi da ƙarfinta a cikin miyar kuka.

Akwai mutanen da suka mai da irin wannan hukunci sana'a mai tsada, kuma a kan abin da addininmu ya haramta suke yin ta. Ban kawo zancen giya don in yaba ta ba. Tsarin da aka gina a kewayenta ne abin dubawa. A arewa maso yammacin Italiya, a yankin Piyemonte, ana yin wata jar giyar inabi mai suna Barolo. Doka ta ce daga inabin Nebbiolo kaɗai za a yi ta, a wasu ƙayyadaddun ƙauyuka goma sha ɗaya, kuma ba za ta shiga kasuwa ba sai ta yi wata 38 a ajiye, 18 daga ciki a gangunan katako. A Tuskani, Brunello di Montalcino daga inabin Sangiovese zalla ake yin ta, sai a shekara ta biyar bayan girbi ake sakinta. Dalilin jiran shi ne bauri. Suna sababbi suna kama harshe kamar ɗanyen goro, sai shekaru sun ja baurin ya kwanta. To, mai saye yaya zai san wadda za ta gyaru da wadda za ta lalace a ɗaki? Nan ne masu ɗanɗano suka samu abin yi. Su kurɓa, su tofar, su rubuta cewa sun ji ƙamshin kwalta da furen wardi, su ce a jira shekara goma ko ashirin, su ba da maki. Wani lauya Ba'amurke, Robert Parker, shi ya yaɗa ma'aunin maki 100 tun daga 1978. Italiyawa kuma suna da nasu kundin shekara-shekara, Gambero Rosso, wanda babbar lambarsa ita ce kofi uku. Maki biyu ko uku na iya ɗaga farashin amfanin gonar mutum, ko su bar shi da kaya jibge.

Da za a jera kalmomi, Bahaushe ba zai ji kunya a gaban waɗannan mutane ba. Muna da bauri, da maƙaƙi, da gardi, da galmi, da lami. A fagen hanci muna rarrabe ƙauri da ƙarni, hamami da zarni. Daddawar da ta zarce kwanakinta a rufe zarni take yi, kuma matar da ta faɗi haka ta gano abin da mai binciken kimiyya zai tabbatar da na'ura, wato ƙwayoyin da ke ruɓar da kalwa sun wuce gona da iri. Aikin kansa ba wasa ba ne. A sassaɓo 'ya'yan ɗorawa, a raba garin nan rawaya mai zaƙi da kalwa, a ajiye makuba don daɓe da yaɓe. A dafa kalwa kusan yini da kwana, itace na ci, a surfa a wanke har ɓawon ya fita, a sake dafawa, a rufe ta kwana biyu ko uku a wuri mai ɗumi, sa'annan a kirɓa, a mulmula, a shanya. Kowane mataki yana da inda ake kuskure, kuma harshen dattijuwar nan yana iya nuna a wane mataki aka yi shi.

Bambancin da ke tsakaninta da mai ɗanɗanon Barolo shi ne nasa hukuncin a rubuce yake, yana ɗauke da sunan gona da na ƙauye da shekarar girbi, yana kuma bin kwalbar duk ƙasar da ta je. Nata a bakin faifai yake ƙarewa. Mai yin daddawar tana cikin kulle, 'yarta ce ko wata tsohuwa ke kai talla. Da zarar ɗan sari ya zuba ta a buhu ya nufi Kano, ta gidan da aka san su da tsabta da ta gidan da ke ƙara waken suya sun zama abu ɗaya, farashi ɗaya. Wa zai ci gaba da wahalar wanke kalwa sau uku alhali wadda ta wanke sau ɗaya kuɗinsu daidai? Ga kuma dunƙulen Maggi da 'yan uwansa, masu suna, masu takarda, masu talla a rediyo, sun shiga kowace tukunya.

Kada mai karatu ya ɗauka tsarin Turawan ba shi da aibi. A 2008 hukumomin Siena suka binciki wasu manyan masu yin Brunello bisa zargin suna cakuɗa wasu nau'o'in inabi, har Amurka ta yi barazanar hana shigar da ita. Algus ke nan, irin na waken suya, sai dai a can akwai dokar da aka karya da alƙalin da za a je gabansa. A shekarar ce kuma wani masani, Robert Hodgson, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi wa alƙalan gasar giya a Kalifoniya, inda aka riƙa ba su abu ɗaya sau uku ba su sani ba. Kusan ɗaya cikin goma ne kawai makinsa bai yi yawo ba. An kuma daɗe ana kukan cewa manoma sun koma yin abin da zai burge harshen mutum guda. A ganina maki shi ne mafi raunin abin da suke da shi, kuma shi ne abin da za mu fi saurin kwaikwaya in aka bar mu. Abin da ke da ƙarfi shi ne ɗaure suna da wuri, da rubuta ƙa'idar yi, da samun mai tsaron ƙa'idar.

Ba sai an je Turai ba ma. Kamaru ta yi wa zumar Oku da masoron Penja rajistar asali tun 2013, kuma maƙwabtanmu na Nijar sun yi wa kilishinsu da jar albasar Galmi irin wannan rajista. Kilishi fa, wanda muke ci kullum a Kano. Jami'ar kimiyya da fasaha tana nan Wudil, tafiyar da ba ta kai awa ba daga Gaya. Ɗalibi ɗaya da littafin rubutu zai iya zama da matan Kademi ko na Toranke ya tattara kalmomin da suke auna daddawa da su, da matakan da suka yarda ba a tsallakewa. Daga irin wannan rubutu ne ƙungiyar masu sana'a ke samun abin da za ta sa wa hatimi.

Itacen kansa ma yana cikin lissafin. A littattafan ilimin tsirrai, sunan dangin ɗorawa na Mungo Park ne, wanda Robert Brown ya laƙaba a 1826. Baƙon da ya ratsa ya samu suna a jikinta, masu dafa kalwa ba su samu ba. Ɗorawa takan yi kusan shekara goma kafin ta fara 'ya'ya sosai, jiran da ya fi na Barolo tsawo. Yawancin waɗanda ake gani a gonakin Gaya da Ajingi manya ne, tsofaffi, ƙananan da za su gaje su ba su da yawa. Manomin da mai gawayi ya zo wa da kuɗi a hannu yana auna su ne da abin da kalwar shekara ke kawo wa gidansa, kuma a farashin da ake sayen daddawa marar suna a buhu, mai gawayin ne ke rinjaye.