Kafin Ruwa Ya Taɓa Ragon Kiwonki

A nan garinmu Illela, rago shi ne asusun 'ya mace. Ni kaina kuɗin jarrabawata ta fita sakandare daga turke suka fito. Ki saye shi ƙarami bayan Babbar Sallah, ki shafe watanni kina ɗawainiyar dusa da harawa da kowar wake, sannan a wayi gari wata ranar Lahadi a kai shi kara, a yanke wa wahalarki farashi cikin minti biyar.

Kuma karar Illela ba wurin wasa ba ce. Ragonki zai tsaya ne gefen manyan Uda da Balami, wasu sun tsallako daga Nijar ta Birnin Ƙonni, ga fataken kudu da manyan motocinsu. Sallar 2020 kam ta zo boda na rufe, namu na gida suka yi daraja, amma ba kullum ake samun haka ba. Mai saye idonsa ke fara ciniki kafin hannunsa, shi ya sa wankin rago ya zama sana'a.

Akwai wani dattijo a unguwarmu, Baba muke ce masa, wanda yake wannan aiki. Samari kan kwara wa rago ruwa, su dirje shi da Omo, su karɓi kuɗinsu. Shi Baba sai ya yi rabin awa bai taɓa bokiti ba. Na taɓa tambayarsa dalili, sai ya ce, "Ɗiyata, ƙarangiya in ta sha ruwa sai almakashi."

Wallahi gaskiyarsa. Gashin da ya cukurkuɗe, in ruwa ya shige shi ƙara ɗaurewa yake yi. Don haka da buroshi yake farawa, rago na bushe, daga wuya zuwa gadon baya, ya tsaya sosai a gezar ƙirji inda ƙaya da busasshen kashi suke maƙalewa. Yana sharcewa yana lalube da yatsu: bayan kunne, hammata, ƙarƙashin wutsiya, tsakanin kofato. Nan kaska take ɓuya. Yakan kama ta daf da fata ya zare a hankali, don kada kanta ya karye a ciki ya zama ƙurji. In ya tarar da miki ko ƙazwa, ya fasa wankan ke nan, sai ya ce a kira malamin dabbobi. Don Allah ƙannena, kada wata ta yarda a shafa wa ragonta maganin feshin gona wai don kashe kaska. Guba ce, kuma naman nan mutane za su ci.

Bayan nan ya datse kofaton da ya yi tsawo, ya ɗaure rago gajere a wurin da ba santsi, da igiyar da ba ta shaƙe wuya, ya ɗan ba shi harawa yana shafa shi har ya daina fizge-fizge. Kai da kunnuwa kuwa da jiƙaƙƙen tsumma yake goge su, ba ya barin ruwa ya shiga.

Wani ɗan ƙanin Innarmu yana aiki a shagon gyaran karnuka a Abuja, irin sana'ar nan da ta bunƙasa a Ingila da Amurka. Da ya zo hutu ya ga Baba, sai ya riƙe baki. Ya ce haka aka koya musu: a taje kare tukuna, a yanke masa farce, a sa 'yar auduga a kunne, sannan ruwa mai ɗumi. Mun sha dariya, don Baba ko firamare bai shiga ba.

Sai batun lokaci. Ni da hantsi nake kai nawa, ana gobe kasuwa, don ya bushe sarai a rana kafin la'asar. Idan ana hunturu ko hadari ya haɗu, gara ki haƙura da buroshi kawai, domin rago mai mura da majina ya fi mai datti faɗuwa a hannun dillali. Daren nan kuma ki share turke ki zuba sabon rairayi, in ba haka ba da safe za ki tarar ya kwanta cikin fitsarinsa, farin ya koma ruwan ɗorawa.